Shekarar da Na Hana a Nuna wa Yara Ayuba Mai Jita

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu ba na wurin. Hannatu ta taɓa gaya min a fuskata, ranar da ranta ya ɓaci, cewa ni na kashe wa ƙanenta zuciya, don har yau ban yafe wa mahaifinku ba. Laraba ba ta faɗa da baki, amma ita ma haka ta ɗauka, ina gani a yadda take sauya zance duk lokacin da aka ambaci Istifanus. Ban taɓa ba ku amsa ba. A lokacin ba ni da bakin magana, daga baya kuma sai na ga kamar an makara. Yanzu idona ya fara rauni, coci ma sai an sa ni a keke nake zuwa, don haka bari in faɗa muku yadda shekarar nan ta kasance tun ina iya riƙe biro.

Mahaifinku, wanda duk Sabon Gari ta sani da Ayuba Mai Jita, a ƙungiyar mawaƙan coci na fara ganinsa, kuma muryarsa na aura, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya ya koma kiɗa a otal-otal. Da Hausa yake waƙa, yana ɗan cusa Turancin kasuwa a ciki, shi ya sa Ibo da Yarbawa da mutanenmu na kudancin Kaduna duk suke tashi su taka idan ya ɗauki jita. Ya yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa waƙa, ya yi wa mata masu sayar da busasshen kifi. A otal ɗin ne kuma ya koyi sha, shan ya bi shi har gida, har ya cinye masa hanta. Ya rasu Istifanus yana ƙaramin aji a firamare. Abin da ya bar mana na muryarsa kaset ɗaya ne, wanda wani mai shagon gyaran rediyo ya ɗauka, na naɗe shi a tsumma na ajiye a ƙasan akwati. Ni kuma na ci gaba da koyarwa a Samaru, ina bin bas kullum daga unguwarmu Muciya, har na yi ritaya. A coci aka ba ni shugabancin makarantar Lahadi, na daɗe a kai ƙwarai. Ƙa'idarmu ita ce duk abin da za a sa a gaban yara, littafi ne, wasan kwaikwayo ne ko fim, sai na gani na amince. Na mayar da abubuwa da yawa a shekarun nan, ba wanda ya taɓa ja da ni, don an san ba na duba fuskar wanda ya kawo.

Istifanus kun san shi da zane tun yana rarrafe da gawayi a bangon gidan haya. Zanen ya karanta a jami'a, ya samu koyarwa a wata sakandare, ya auri Ngozi, 'yar mai sayar da kayan mota a Sabon Gari, suka kama ɗaki a Samaru, suka haifi Godiya. Wata rana ya zo ya roƙe ni kaset ɗin. Ya ce zai yi fim ɗin katun a kan rayuwar babansa, irin wanda ake zanawa hoto bayan hoto har mutane su yi motsi, zai kuma sa muryar Baba ta gaskiya a ciki. Na ba shi da hannuna. Shekaru ya yi a kan aikin nan, duk hutun da ya samu yana gaban kwamfuta. Yakan zo Muciya da yamma ya zauna a kan tabarma yana tambayata wace irin riga Baba yake so, yaya yake karkata hula, da wane hannu yake riƙe sigari, idan zai fara waƙa yana rufe ido ko yana kallon mutane. Ina ba shi amsa ina dariya. Ban taɓa jin daɗin tuna Ayuba kamar a lokacin ba. Ko sau ɗaya yaron bai tambaye ni abin da ya shafi cikin ɗakinmu ba, ni kuma na ɗauka fim ɗin waƙa ne kawai.

Da ya gama, Kirsimeti ta matso. Ya je wurin Fasto ya ce yana so a fara nuna fim ɗin a bikin yara na ƙarshen shekara, da majigi, a cocin da babansa ya fara kiɗa. Ya ce yaran Sabon Gari na yanzu ba su san an taɓa yin mutum irin wannan a layinsu ba. Fasto ya ce masa ai wannan ba aikinsa ba ne, ya je wurin mahaifiyarsa. Istifanus ya zo yana ba ni labari yana dariya, yana cewa ashe sai ya nemi izini a gida.

Ran Asabar da safe na je Samaru. Ngozi ta so ta fita da Godiya don mu kalla a natse, na ce ta bar ta. Al'adata ce, idan abin yara ne nakan kalla da yaro a kusa, domin fuskar yaron takan gaya min abin da allon ba zai gaya min ba. Godiya tana ajin farko a lokacin. Ta hau cinyata, Istifanus ya ja labule, ya kunna.

'Ya'yana, ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba. Ya fara da ɗan yaro a wani ƙauye kusa da layin dogo, yana haɗa jita da gwangwanin mai da wayar burkin keke. Jirgi ya zo ya ɗauke shi. Sai ga kasuwar Sabon Gari da launinta, masu kifi, masu atamfa, 'yan dako, kowa yana tafiya daidai da kiɗan. Da muryar Ayuba ta fito daga bakin wannan zanen, sai da na riƙe hannun kujera. Ga karkatar hular, ga rufe idon. Sai ga ni, wata siririyar yarinya da ɗankwali ruwan ɗorawa a layin gaba na mawaƙa, tana satar kallonsa. Godiya tana tafi, tana kaɗa ƙafa. A zuciyata na riga na amince. Ko da aka zo wajen otal, kwalabe suka fara yawa a kan tebur, fuskarsa ta fara kumbura, na ce ba laifi, yara za su ga inda sha yake kai mutum, kuma babu tsiraici, babu zagi, babu jini.

Sai aka zo ranar Lahadin nan. Ku biyu kun tsaya a coci kuna koyon waƙa. A ranar ne dattawa suka gaya wa mahaifinku kada ya sake ɗaukar jita a cikin coci muddin yana kiɗa a otal, shi kuma ya sa a ransa ni na kai ƙararsa. Ya fita ya sha, ya dawo da rana tsaka ina sauke miya. Kun san kunnena na hagu ba ya ji, kun kuma san na yi ɓari a shekarar. A ranar ne duka biyun suka faru. Istifanus ya zana shi yadda ya faru, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ɗauke kiɗan gaba ɗaya. Mutumin ya ɗaga hannu, matar ta faɗi a kan turmi, ɗankwalinta ya yi sama, tukunyar miya ta gangara tana juyawa har bakin ƙofa. Abin da ya tsayar min da numfashi shi ne daga inda aka zana shi. Daga ƙasa ne, ta tsakanin ƙafafun teburin da muke ajiye kwanuka, har da gefen leda mai furanni da nake shimfiɗawa a kai. Ni duk shekarun nan na ɗauka yaron yana gidan maƙwabta.

Ina cikin wannan sai na ji jikin Godiya yana girgiza a cinyata. Na zaci tsoro ne, na sunkuya in rufe mata ido. Ashe dariya take yi, irin dariyar yara mai fitowa daga ciki. Tana nuna tukunyar da yatsa.

"Baba, mayar baya," in ji ta. "Mayar in ga ta sake faɗuwa."

Ba laifinta ba ne. Duk katun ɗin da ta taɓa gani, idan an bugi mutum ya faɗi, tashi yake yi ya karkaɗe jiki, kuma wurin dariya ke nan. Istifanus ya tsayar da fim ɗin, ya daka mata tsawa, abin da bai saba yi ba, ta fashe da kuka, Ngozi ta shigo ta ɗauke ta. Muka kalli sauran mu biyu. Ya nuna asibiti, ya nuna jitar a jingine ba mai taɓawa, ya ƙare da waƙar ma'aikatan jirgi. Da ya buɗe labule na tambaye shi abu ɗaya kawai.

"A ƙarƙashin teburin kake?"

"A nan nake, Mama. Har aka ɗauke ki ban fito ba."

Na ce zan ba shi amsa cikin mako. Na hau bas na koma Muciya, ban san lokacin da muka wuce Kwangila ba.

Ku gane ni a nan, domin nan ne kuka yi min mummunar fahimta. A makon nan ba Ayuba nake tunani ba, ba kuma kunyata ba. Duk matan da ke zumuntar mata sun san yadda na zauna da shi, wasunsu su suka kai ni asibiti. Yaran ajina nake tunani. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Na san waɗanda iyayensu mata suke zuwa sujada da ɗankwali a ja har kan ido. Akwai wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, daga Unguwar Gabas, waɗanda idan na ɗaga hannu zan yi rubutu a allo sai su noƙe kai. Na dinga ganin ɗakin taron nan cike da yara, an kashe fitila, an sha lemo, kowa yana murna, sai matar ta faɗi, tukunya ta gangara, ɗaki ya ɗauka da dariya, su kuma suna zaune a tsakiya. Ko dai su yi shiru kowa ya gane su, ko su bi sahu su yi wa uwarsu dariya. Na yi addu'a, na juya abin ta kowane gefe ko zan samu hanyar cewa to. Na ce watakila in tsaya in yi musu bayani kafin a fara. Amma na koyar da yara tsawon rayuwata, na san dariyar ɗaki ta fi bayanin malama ƙarfi.

Istifanus ya zo da yamma bayan ya tashi daga aiki, ya zauna a tabarmar da ya saba. Na gaya masa aikinsa ya yi kyau fiye da yadda zan iya faɗa. Na ce amma bai dace da ƙananan yara ba, na kuma gaya masa dalili. Na ce a nuna wa matasa, a nuna wa zumuntar maza, su ne ma ya kamata su gani, ni da kaina zan je in roƙi Fasto. In kuwa dole sai yara, to ya cire wannan wurin kaɗai, sauran duka na amince. Sai ya ce yaran Sabon Gari suna ganin wannan a gidajensu kowace rana, ba wanda ya nemi izinin kowa kafin a nuna musu. Ya ce manya sun riga sun zama abin da za su zama, shi don yara ya yi.

"Mama, shekarata nawa lokacin da na kalla? Wa ya tace min?"

"Ba wanda ya tace maka, ɗana. Shi ya sa ba zan sa wani yaron a ƙarƙashin teburin ba."

"Ni don yaron da ke ƙarƙashin teburin na yi shi. Don ya san ba shi kaɗai ba ne."

Na ce masa na ji, kuma yana da gaskiya, amma shi ma ya ji dariyar 'yarsa. Ya ce yarinya ɗaya ce. Na ce a ɗakin taro za su fi haka yawa. Ya ce idan ya cire wurin, ya zama ya zana wani mutum daban, mai jita mai fara'a wanda ciwo ya kashe, kuma irin wannan ƙaryar ce aka ciyar da shi da ita tun yana yaro, kowa a layi yana ce masa babansa mutumin kirki ne. Na ce to ba zan iya amincewa ba. Ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa, ya sa takalmi a bakin ƙofa.

"Na gode, Malama," ya ce.

Bai taɓa kirana da wannan sunan ba sai ranar.

Da Fasto ya tambaye ni, na ce masa fim ɗin na manya ne, ban ƙara komai ba, don ban ga dalilin da zan baza abin da ɗana ya gani a gaban dattawa ba. Daga nan maganar ta fita yadda kuka ji ta, cewa Malama Rifkatu ta hana a tuna da mijinta. Na aika wa Istifanus cewa shugaban matasa yana son a nuna musu, ya ce a bar shi. Ranar bikin wani ya kawo katun ɗin Turawa na dabbobi, wanda na amince da shi tun shekarun baya. Ina zaune a baya ina kallon kyanwa tana cin duka da guduma, yara suna birgima don dariya, har da 'yan matan nan biyu. Istifanus bai zo ba. Bayan Ista ya ajiye aikin koyarwa, ya kwashe iyalinsa suka koma Legas. Ya zo ya yi min sallama kamar yadda ya kamata, ya durƙusa, na yi masa addu'a, bai kalli idona ba.

A shekarar da ta biyo na sauka daga shugabancin. Na ce gwiwa ce, kuma gwiwar tana ciwo, amma ba ita ba ce. Ba a daɗe ba kuma aikin kansa ya zama abin dariya. Waya ta shiga hannun kowane yaro. Ina zaune a ƙofar gida nakan ga yaran layinmu sun taru a kan waya ɗaya suna kallon abin da ni da tsufana ba zan iya kalla ba, ba wanda ya tambayi wata malama. 'Yan matan nan na Unguwar Gabas, uwarsu ta tafi da su garinsu bayan ubansu ya karya mata hannu, ban sake jin labarinsu ba. Idan na zauna ina lissafin abin da na kare da hukuncin nan, ba na samun komai da zan nuna muku. Yini ɗaya na kare musu, shi ke nan. Amma ko yau aka sake kawo min fim ɗin da yaran, abin da na faɗa shi zan faɗa, kuma wannan bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Abin da na riƙe a zuciyata duk shekarun nan shi ne Godiya za ta girma. Na ce ranar da ta yi hankali zan roƙi ubanta ya kunna mana, mu zauna mu uku, ta ga kakanta yadda yake, mai kyau da marar kyau, sannan in ce masa yanzu lokacin ya yi. Da ta gama sakandare suka aiko min in zo biki, na je Legas. Istifanus yana da ɗan shago inda yake buga manyan hotuna a kan leda, na 'yan siyasa, na bikin aure, na jana'iza. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa. Yana girmama ni, yana tambayar maganina, komai nake so yana kawowa, kamar yadda ake yi wa baƙuwa mai daraja. Washegarin bikin na bi shi shagon, na zauna a kujerar roba ina kallon injin yana fitar da fuskar wani mamaci. Da mutane suka ragu na gaya masa abin da na zo da shi.

"Babu shi, Mama," ya ce, idonsa yana kan injin. "Na goge shi tun kafin mu bar Samaru."

Na tambaye shi ko akwai wani abokinsa da yake da shi, ya ce bai ba kowa ba. Na tambayi kaset ɗin. Ya ce zaren ya tsinke ya cukurkuɗe tun lokacin da yake juyar da muryar cikin kwamfuta, bai gaya min ba don kada raina ya ɓaci, ya ɗauka ai muryar ta tsira a cikin fim ɗin. Yana faɗa ba tare da fushi ba, kamar labarin wani. Da fushin ne da na fi so.

Sai na ga wata farar takarda a kan teburinsa, na tura masa ita, na ce to ya zana min mahaifinsa sau ɗaya, fuskar kawai, in tafi da ita Zariya, don hoton aurenmu ya koɗe, ba a gane kowa a ciki. Ya kalli takardar, ya ɗauki biro, ya juya shi a hannunsa. Ya ja layi ɗaya mai lanƙwasa, ban san ko goshi ne ko kafaɗa ba. Sai wata mata ta shigo tana faɗa, wai an rubuta sunan mahaifinta ba daidai ba, ga jana'iza gobe. Ya ajiye biron ya tashi yana ba ta haƙuri. Da ya sallame ta wani ya shigo, bayansa wani. Takardar tana nan a kan teburin har yamma, wani ya ɗora kofin shayi a kai. Bai koma kanta ba, ni ma ban sake tambaya ba. Da safe ya kai ni tasha, ya nema min kujera ta gefen taga, ya gaya wa direba ya kula da ni, tsohuwa ce kuma ba ta ji da kunne ɗaya.